Ba Malam Za A Tambaya A Kabarinka Ba

A watan Satumban 2025 Hukumar Kula da Harkokin Addini ta Jihar Neja ta sanar cewa ba wanda zai ƙara yin wa'azi sai da lasisi, ta ba masu wa'azi wata biyu su je su cike takarda. Gwamna Umaru Bago ya ƙara rura wutar da ya fito a talabijin ya ce mai huɗubar Juma'a ma ya kawo abin da zai faɗa a duba. A majalisun Tunga a nan Minna, daga bakin kasuwa har tashar Abdulsalam, aka rabu biyu. Wasu suka ce gwamnati ta yi daidai, bakin wasu malamai ya yi tsawo. Wasu suka ce an taɓa addini, ba za ta saɓu ba. Ni abin da ya ƙona min rai daban ne. Kowa maganar malam yake yi ko maganar gwamna. Ba wanda ya tuna da mutumin da ke can sahun baya, ya naɗe ƙafa, yana gyaɗa kai ga duk abin da ya fito daga lasifika. Shi ake aika wa, shi ke kwana cikin wahalar, shi kuma aka raina har aka fid da shi daga lissafi, sai ka ce Allah bai ba shi hankali da zuciya ba.

Ban ɗauki alƙalami don in zagi malamai ba. Wanda ya koya maka Fatiha yana da haƙƙi a kanka har ka koma ga Allah, kuma al'ummar da ta wulaƙanta masu iliminta ta gama yawo. Fushina yana kan wata koyarwa da ta yi jijiya a cikinmu, wadda ke cewa cikar biyayya ita ce ka danne abin da ƙirjinka ke faɗa maka. Ka ji gabanka yana faɗuwa a kan wani umarni, a ce maka waswasi ne. Ka buɗe baki za ka yi tambaya, a ce maka, "Kai wane ne? Ka fi malam sani ne?" Wannan tambaya ta rufe bakin mutane masu yawa a garin nan, ta kuma cuci yaran da ba su ji ba ba su gani ba.

Wata gwaggona tana riƙon jikanta mai ciwon farfaɗiya. An rubuta masa magani a asibiti, ƙananan ƙwayoyi a 'yar farar leda, an ja layi biyu da biro a jiki, ɗaya safe ɗaya dare. A cikin kwalla take ajiye ledar, ƙarƙashin zannuwanta na fita unguwa, don kada yara su taɓa. Da idonta ta ga faɗuwar ta ragu, yaron har ya koma makaranta. Sai aka kai shi wurin wani malami, ya duba ya ce iska ce, kuma maganin asibiti ƙara wa mai shi ƙarfi yake yi, a daina, a koma rubutu da hayaƙi. Na shiga gaishe ta na tarar ɗakin ya turnuƙe da turare, ledar maganin tana nan cike yadda aka karɓo ta.

Ta ce min, "Ɗan nan, wallahi tun da ya faɗi maganar nan barci ya ƙaurace min. Raina bai kwanta ba."

Na ce, "To Gwaggo, me ya hana ki ci gaba da ba shi? A haɗa da rubutun mana."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ni? In ƙetare maganar malam? Me na sani, ni da ban yi karatu ba?"

Ta sani. Duk gidan ba wanda ya kai ta sanin yaron nan, ita ke kwana da shi, ita ke ƙirga faɗuwarsa. Amma tun tana yarinya aka koya mata cewa saninta ba sani ba ne. Ciwon ya tashi wata safiya yaron yana kusa da murhu, hannunsa na dama ya faɗa cikin garwashi, yatsu biyu suka manne har yau. Da aka je aka faɗa wa malamin, cewa ya yi ƙaddara ce, a yi haƙuri. Shi bai rasa komai ba. Washegari ma layin mata yana nan a zaurensa.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. To bari mu hango na wasu tukuna, wataƙila daga nesa mu gane siffar namu. A Amurka akwai wata majami'a da aka fi sani da 'yan Mormon, hedikwatarta a birnin Salt Lake na jihar Yuta. Joseph Smith ne ya kafa ta ranar 6 ga Afrilun 1830. Abin da ya raba su da sauran Kirista shi ne sun yarda shugaban majami'arsu annabi ne mai rai da ake yi wa wahayi. Mu Musulmi mun san an rufe ƙofar annabta, sauran Kirista ma ba su amince da wannan da'awa ba, amma ba nan gardamata take ba. Abin lura shi ne yadda suka tsara zama tsakanin mabiyi da shugaba. Suna koya wa kowa cewa yana da tasa hanyar zuwa ga Ubangiji: ya yi addu'a, ya saurari ƙirjinsa, in abu gaskiya ne zai ji natsuwa da wani ɗumi a zuciya. Da wannan suke jawo sababbin mabiya. In ka shiga kuma sai sharaɗi ya biyo baya. Abin da ka ji, in ya dace da maganar shugaba daga Allah ne, in ya saɓa ruɗu ne, ka koma ka sake addu'a. Shugabansu na huɗu, Wilford Woodruff, ya tabbatar musu a 1890 cewa Ubangiji ba zai taɓa barin shugaban majami'ar ya ɓatar da su ba.

Ga abin da ya biyo baya. A 1852 shugabansu na biyu, Brigham Young, ya shelanta cewa ba za a naɗa baƙar fata a limanci ba. A wurinsu limanci ba na wasu 'yan tsiraru ba ne, duk yaro namiji ɗan wajen shekara 12 yana fara hawa matakinsa. Ke nan baƙin mutum ko ya tsufa yana bauta a cikinsu, ba zai yi wa ɗan cikinsa baftisma ba, shi da matarsa ba za su shiga babban ɗakin ibada a ɗaura musu auren da suke ganin shi ne mai ɗorewa har lahira ba. Aka yi ta kafa hujja: wai la'anar Ƙabila ce ta bi baƙaƙe, wai rayukansu sun yi ragwanci tun kafin a haife su. Alhali a zamanin Smith kansa an naɗa wani baƙar fata, Elijah Abel, a 1836. Duk da haka a 1949 manyan majami'ar suka fitar da sanarwa cewa hanin nan umarni ne kai tsaye daga Ubangiji.

Akwai waɗanda zuciyarsu ta ƙi. Wani malamin jami'a cikinsu, Lowry Nelson, ya rubuta wa manyan takarda a 1947 ya ce abin nan bai yi kama da adalcin Allah ba. Suka mayar masa da amsa cewa kada ya bari ilimin duniya ya janye shi daga hanya. Wani lauya, Douglas Wallace, ya naɗa wani baƙar fata da hannunsa a 1976, aka kore shi daga majami'ar. Byron Marchant ya ƙi amincewa da shugabannin saboda hanin a babban taronsu na 1977, shi ma aka kore shi.

Labarin ya iso har ƙasarmu. A farkon shekarun 1960 mutane da dama a kudu maso gabashin Nijeriya sun karanta littattafan majami'ar suka kafa ikilisiyoyi da kansu, suna ta roƙon a turo musu masu koyarwa. An turo wani LaMar Williams ya zo ya duba a 1961. A 1963 wani ɗalibin Nijeriya da ke karatu a Kalifoniya ya tona zancen hanin a jaridar Nigerian Outlook, gwamnatin wancan lokaci ta riƙe biza, a 1965 aka jingine shirin turo masu koyarwar. Wani malamin makaranta a Mbaise ta jihar Imo ta yau, Anthony Obinna, ya yi mafarkin wani gini, daga baya lokacin yaƙin basasa ya ga hotonsa a wata tsohuwar mujalla, ashe babban ɗakin ibadarsu ne na Salt Lake. Daga 1971 ya yi ta aika wasiƙu, ana ce masa ya jira. Mutumin da ya ba da gaskiya da dukan zuciyarsa, launin fatarsa ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Sai a watan Yunin 1978 shugabansu Spencer Kimball ya ce an yi masa wahayi, an ɗage hanin, bayan shekara 126. Ranar 21 ga Nuwamban shekarar aka yi wa Obinna baftisma, aka naɗa shi shugaban reshe. Ɗaya daga cikin manyan da suka fi kare hanin a rubuce, Bruce McConkie, ya fito a watan Agusta ya ce wa jama'a su manta da duk abin da shi da magabatansa suka faɗa a kai, da ƙarancin fahimta suka yi magana. A Disambar 2013 majami'ar ta wallafa bayani a hukumance ta nisanta kanta daga dukan hujjojin nan na la'ana da ragwanci. Yau suna da babban ɗakin ibada a Aba, tun 2005.

To ina tambaya: wa zai biya mutanen da suka rayu suka mutu cikin shekarun nan 126 suna ɗauka Allah ne ya ƙasƙantar da su? Waɗanda aka kora don sun ce abin nan zalunci ne, wa ya fi kusa da gaskiya, su ko masu wahayin? Mabiyi nawa ne cikinsa ya juya da ya ji ana kiran maƙwabcinsa la'ananne, ya je ya yi addu'a, ya dawo ya tuhumi kansa da raunin imani? Wannan shi ne mugun abu a tsarin. An ba mutum ma'auni a ƙirjinsa, an kuma ce masa ma'aunin yana aiki ne kawai ranar da ya yarda da shugaba.

Yanzu mu sauko kan namu tudun. Mu ba mu ce malaminmu annabi ne ba, da baki. A aikace fa? A ce maka ka yi istihara, ka yi, zuciyarka ta karkata ga barin abin, a ce Shaiɗan ne ya shiga tsakani tunda malam ya riga ya ce a yi. A wani zauren a ce maka almajiri gawa ne a hannun mai wanka. A wani a ce naman malamai guba ne, wanda asalinsa gargaɗi ne a kan yi da su da ƙazafi, amma aka mai da shi katangar hana tambaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kowane ɓangare yana ganin ciwon a jikin ɗaya ɓangaren. Izala ta tashi a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, babban makaminta tambaya ɗaya: ina hujja? Tambaya ce mai kyau, ta farkar da mutane. Ka zagaya yau ka ji yadda samari da yawa da ke alfahari da wannan gado suke gardama a Facebook da TikTok. Ba aya, ba hadisi, sai guntun bidiyon malam na daƙiƙa 40, wanda ya musa kuma ya zama ɗan bidi'a ko munafuki. An sauya rawani ne kawai, makantar tana nan.

Kuma mun biya farashinta da jini, ba sau ɗaya ba. A Disambar 1980 mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine suka mai da 'Yan Awaki a Kano mayanka, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 ne suka mutu. A 2003 aka tashi da maganar cewa an sa maganin hana haihuwa a rigakafin shan inna, Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a shekarun nan yau magidanta ne, kana ganinsu a kan keken guragu a bakin titi. Wa ya hau mumbari ya ce wa iyayensu, "Ni na hana ku, na yi kuskure, ku yafe min"? 'Yan Mormon ɗin da muke hange ko ba komai sun rubuta cewa hujjojin magabatansu ba daidai ba ne. Mu namu sai dai a yi shiru a sauya maudu'i.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Rigasa. A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a can Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ba a yi wata guda ba aka sake buɗe irinsa a Daura. Ba sace yaran nan aka yi ba. Yawancinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu tarbiyya. Ba zan taɓa yarda cewa duk cikin iyayen nan ba uwar da ta hango ramar ɗanta ta ji hanjinta ya kaɗa ba. Ta ji. Aka ce mata gyara ne, malam ya san abin da yake yi, sai ta haɗiye ta koma gida.

A jiharmu ma mun gani. Kusa da Mokwa mutane sun bar garuruwansu da danginsu suka tare a Darul Islam tun 1993, suka miƙa wa amir ɗaya ragamar rayuwarsu. Ranar 15 ga Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Boko Haram na Maiduguri, gwamnatin Mu'azu Babangida Aliyu ta sa 'yan sanda suka kwashe mutane fiye da 3,000, ba a samu makami ba, aka loda su a motoci aka mai da kowa jiharsa. An tarwatsa ƙauyen cikin 'yan kwanaki. Halin da ya sa magidanci ya sayar da gonarsa ya bi mutum ɗaya daji ba tare da tambaya ba, wannan ba a taɓa shi ba, ya hau mota tare da su.

Na san abin da za a ce min, kuma maganar tana da nauyi. In kowa ya bi zuciyarsa, ina addini? Ai zuciya ma tana ƙarya. Gaskiya ne, kuma ba sai an je nesa ba. A ƙarshen Agustan 2025 a Kasuwan Garba ta ƙaramar hukumar Mariga, taron jama'a suka ƙone wata mai sayar da abinci bisa zargin ɓatanci, ba alƙali, ba shaida, ba shari'a. Kowane ɗaya daga cikinsu in ka tambaye shi zai ce kishin addini ya ji yana tafasa a ƙirjinsa. Wannan ba ita ce zuciyar da nake karewa ba, wannan son zuciya ne ya sa rigar addini. Kuma rarrabe su ba wuya. Zuciyar da nake nufi ita ce mai riƙe hannunka, mai ce maka dakata, kada ka cuci bawan Allah nan. Wadda ke tura ka ka ɗauki dutse, ka ci dukiyar wani, ka keta mutuncin wani, ita ce abar tuhuma, ko daga cikinka ta taso ko daga lasifika. Rabon gado, nisabin zakka, hukuncin ƙabli da ba'adi, ba a jin su a ƙirji, dole ka je gaban masani ka durƙusa. Amma ba ka buƙatar digirin Madina ko na Azhar kafin ka san ɗaure yaro da mari zalunci ne.

A Yunin 2018 da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, limamin Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutane 262, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Bai tsaya jiran fatawa daga Jos ko Kaduna ba. Karatun da ya yi ne ya raya zuciyarsa, zuciyar kuma ta yi aiki a lokacin da ake buƙatarta. Irin wannan malamin nake so a ƙafarsa yaranmu su zauna.

Abin haushin ma, duk wannan da nake faɗa yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan nan. Hadisi na 27 cikin Arba'una, wanda ɗan Islamiyya ke haddacewa, labarin Wabisa ne da Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya nemi fatawar zuciyarsa, ya nuna masa cewa zunubi yana kai-kawo a ƙirji ko da mutane sun ba da fatawa. Akwai labarin kwamandan da ya hura wuta ya ce wa rundunarsa su shiga, suka ƙi, Annabi ya gaskata su, ya bayyana cewa biyayya a cikin alheri take. Aya ta 31 a Suratut Tauba ta zargi waɗanda suka riƙi malamansu iyayengiji, da Adiyyu ɗan Hatim ya ce ai ba su bauta musu ba, aka nuna masa cewa bin su a halatta haram da haramta halal ita ce bautar. Suratul Ahzab ta ba mu labarin masu kuka a wuta suna cewa shugabanninsu suka bi, kukan bai fisshe su ba. Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya koyar cewa maganar kowa ana ɗauka ana bari, ban da ta Annabi. Shehu Usmanu a Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna nanata musu biyayya kaɗai. Ƙaninsa Abdullahi na Gwandu, da ya ga son duniya ya shiga cikin jama'ar jihadi, ya bar rundunar ya nufi gabas har ya yada zango a Kano. Waɗannan ne magabatanmu. A ina muka samo addinin rufe baki?

Ba sai mun tafi ƙarni na 19 ba. A garin nan Sheikh Ahmed Lemu, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Neja, ya rayu har ya rasu ranar 24 ga Disambar 2020. Cibiyar Islamic Education Trust da suka kafa a 1969 tare da maiɗakinsa Hajiya Aisha Lemu tana nan a Minna, sashenta na da'awa yana koya wa talakawan Musulmi, maza da mata, tushen fiƙihu da manufofin shari'a, wato yadda ake gane hujja da yadda malamai ke saɓani ba tare da wani ya kafirta ba. Duniya ta san da aikinsa har aka ba shi lambar Sarki Faisal a 2014. Daga Tunga zuwa can kuɗin Keke Napep ne. Amma mun fi son wanda zai yi mana tsawa ya ce kowa ɓatacce ne sai mu.

Shi ya sa lasisin gwamnati bai burge ni ba. Wanda ya tunzura jama'a a kashe wani, akwai doka a kansa tun tuni, a kama shi a kai kotu, ko ɗan gidan wa ne. Amma ka ce jami'in gwamnati ne zai tace huɗuba, ka ɗauke mabiyi ne daga "malam ya ce" ka kai shi "gwamna ya ce", yana nan dai a makahonsa. Su wa ma suka fi 'yan siyasa amfana da makauniyar biyayya? Mun ga yadda aka yi ta amfani da mumbari a zaɓen 2023, ana nuna wa mutane inda za su dangwala kamar rukunin imani ne. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun shekarar, abinci ya gagari talaka, har matan Minna suka tare hanya a shataletalen Kpakungu ranar 5 ga Fabrairun 2024 suna kukan yunwa. Da zanga-zangar Agustan 2024 ta ƙarato, aka sake komawa ga wasu malaman su ce wa jama'a haramun ce. Samari suka fara zagin malamai a fili, abin da ban taɓa zaton zan gani ba, kuma bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Amma wanda aka hana tambaya cikin ladabi shekara da shekaru, ranar da ya gaji ba da ladabi zai yi magana ba. Malaman da suka ba da aron rawaninsu ga 'yan siyasa su suka jawo wa na kirki wannan.

Allah gafarta malam, da kai nake. In almajirinka ya ce ransa bai kwanta da maganarka ba, zaunar da shi, buɗe littafin, nuna masa. In abin na likita ne, ce masa ya je asibiti, ba a rage maka komai ba. In ka yi kuskure a bainar jama'a, gyara a bainar jama'a. Kalmar "ban sani ba" Imam Malik ya sha faɗinta, ba ta zubar masa da daraja ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da ke sauraro daga bayan labule: girmama malaminki, kai masa gaisuwa, ki yi masa addu'a. Amma ranar da aka ce ki daina ba yaro maganinsa, ko a ce ka kai ɗanka inda za a sa masa mari, ko ka ƙaurace wa mahaifiyarka don ba ta bin tafarkinku, ko ka fito da sanda don an ce wani ya yi saɓo, in ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, tsaya. Nemi hujja. Tambayi wani malamin, ka ƙara da wani, wanda ba ɗan ƙungiyarku ba. In kana da ɗa ko ƙani da ke ɗaure a wani gida yanzu haka da sunan gyaran hali, kada ka jira 'yan sanda, tashi ka je ka ɗauko shi yau.